Faɗin Yatsa Biyu

A gidan ajiye zane-zane na garin, idan ka tambayi inda Baba Firam yake, ba wanda zai ɓata bakinsa. Da haɓa za a nuna maka matattakalar da ta gangara ƙasa. Can ƙarƙashin babban zaure, kusa da sito, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya wadda ba a hangen komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa a titi. Nan ya shafe shekara talatin da huɗu yana yi wa zane-zanen mutane firam, har sana'ar ta cinye sunansa. Teburinsa dogo ne, ya shimfiɗa masa tsohon bargo don kada fuskar zane ta kurje. Guduma, zarto, filaya, kowanne da ƙusarsa a bango, kuma wanda duk ya ari ɗaya bai mayar gurbinsa ba, ranar zai san Baba yana da baki.

Ɗan kafinta ne, kuma shi ne auta a cikin su bakwai. Ubansu ƙofofi da benci yake yi, mutum ne wanda bai yarda da siririn katako ba. A wurinsa ya gaji son firam mai faɗin baki, wanda ke rungume zane ya shiga cikinsa kaɗan ta kowane gefe. Yakan ce zane ma yana son inda zai jingina. Abokan aiki sun ji wannan magana har sun haddace, in ya fara sai su ƙarasa masa.

Wadda ta yi renonsa kuwa yayarsa ce, ta girme shi da shekara takwas. Tun suna yara take tsintar guntayen katako a rumfar ubansu tana zana mutanen gida da gawayi, har ka gane wane ne wane ta yadda yake zama. Da ta zama malamar firamare sai ta shiga ajin da wani shahararren mai zane yake koyarwa ranar Asabar, a wani ɗaki saman shagon ɗab'i. Malam kowa ke ce masa. A ajin ta yi zanen da har yau ita ta san ba ta sake yin kamarsa ba: mahaifiyarsu a tsaye gaban tebur kusa da taga, ta ɗaga dutsen guga kusa da kumatunta tana jin zafinsa, ido a rufe. Can ƙasa ta hannun dama ta rubuta sunanta da jan fenti, ƙanƙane ƙwarai.

Lokacin da za a buɗe gidan zane-zanen, Malam ya kwashe duk abin da ke ɗakin koyarwarsa, nasa da na ɗalibansa, aka loda a mota guda aka kawo kyauta. Autan yana da mako uku da fara aiki, ba a ma tabbatar da shi ba. Ana gobe buɗewa ya rage zane ɗaya a kan tebur, na yayarsa, domin ya bar shi ƙarshe ne don ya yi masa firam na musamman. Sai ga katako ya ƙare. Firam ɗaya tal ya rage a jingine, mai kyau, mai duhu, amma ya gaza zanen da faɗin yatsa biyu a tsaye. Daraktan gidan na lokacin yana ta hawa da sauka a matattakala yana duban agogo, yana tambaya ko yaron nan zai iya aikin nan kuwa.

Abin da mai firam na ƙwarai zai yi shi ne ya ce wannan zane sai jibi. Shi kuwa ya zare ƙusoshin ƙasa, ya datse katakon bayan da aka ɗaure ƙyallen zanen a kai, ya naɗe faɗin yatsa biyu na zanen zuwa baya, ya buga ƙusa, ya rufe bayan da takarda da gam. Ya ga sunan lokacin da yake naɗewa, ba zai ce bai gani ba. Ya ce a ransa mako mai zuwa, in katako ya zo, zai warware.

Akawun da ke buga katunan da ake mannawa a gefen zane ba shi da lokacin bincike. Duk abin da ya sauko daga motar Malam babu suna a jiki, sunan Malam ya buga masa. Malam kuma, Allah ya jiƙansa, ya tsaya a gaban zanen ranar buɗewa aka ɗauke shi hoto. Bai ce nasa ba ne, bai kuma ce ba nasa ba ne.

Yaya ta zo da yamma bayan an tashi daga makaranta, da alli a gefen hannun rigarta. Ta daɗe a gaban zanen. Ta karanta katin, ta sunkuya ta duba ƙasan hannun dama, ta miƙe.

“Auta, kai ka yi firam ɗin?”

“Ni ne, Yaya.”

“Ya yi kyau. Sai dai kamar ya ɗan matse ta.”

“Zan gyara, wallahi. Bari dai a tabbatar da ni a aiki tukuna.”

“To, ba gaggawa,” in ji ta.

An tabbatar da shi bayan wata shida. Amma kafin nan zanen ya riga ya yi suna. Mutane suka laƙaba masa Mai Guga, ana zuwa takanas don shi. Aka buga shi a kalanda, daga baya a littafin makaranta, da sunan Malam a ƙarƙashi, har wani masani ya rubuta shafi uku kan yadda Malam ya fahimci gajiyar mata. Yanzu in Auta ya buɗe baki, ba katin kaɗai zai canza ba. Zai tsaya gaban darakta ya ce shi ne ya datse katako ya naɗe zane don ya shiga firam, abin da a sana'arsu ba a yafewa, kamar tela ya rage wa mutum ƙafa don wando ya zauna. Ya ce bari a ɗan manta. Sai ya yi aure, ya ce bari matar ta haihu. Sai aka yi masa ƙarin girma, ya ce ai ba yanzu ba.

Sau biyu Yaya ta sake tayar da maganar. Na farko a asibiti, ranar da aka haifa masa 'yarsa ta fari, tana riƙe da jaririyar ta ce cikin wasa, “Wannan dai ba za ka naɗe mata ƙafa ba ko?” Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na biyu bayan rasuwar mahaifiyarsu, suna zaune su biyu a ɗakin tsohuwar suna ninke kayanta. Ta ce, “Ba mu da hoton Inna ko ɗaya sai wancan, Auta. Ina so a san 'yarta ce ta yi.” Ya ce in sha Allahu wannan shekarar. Daga nan ba ta ƙara ba.

Ba ta kuma ƙara sayen fenti ba. Sauran zane-zanenta biyar suna saman sif a ɗakinta har wata damina rufi ya yi yoyo, suka ruɓe aka zubar. Abin da ya rage mata allon aji ne. Shekara talatin tana zana wa yara kifi da jirgin ƙasa da sassan jikin mutum da alli, iyaye na leƙowa ta taga su kalla, ranar Juma'a a goge.

Kada a ɗauka Baba Firam mugun mutum ne, da mugu ne da labarin ya fi sauƙi. Duk Asabar yana gidanta da jakar kayan aiki. Ƙofofin gidan babu mai ƙara, kujerunta babu mai girgiɗi, ya yi mata kanta har a inda ba ta buƙata. Da mijinta ya rasu shi ya tsaya mata a kan komai. 'Ya'yanta na cewa babu kawu irin nasu. Duk abin da ke gidan nan ya gyara, ban da abu ɗaya da ta roƙa. A wurin aiki kuwa ya koyi bi ta ƙofar baya don kada ya ratsa babban zaure, in aka tambaye shi sai ya ce gwiwarsa ce ba ta son matattakalar gaba.

Ya rage masa wata huɗu ya yi ritaya aka kawo sabuwar shugaba. Dakta ake ce mata, sa'ar 'yarsa ce, 'yar siririya mai saurin tafiya, kuma ita ce shugaba ta farko da ta taɓa saukowa ɗakinsa ta nemi kujera ta zauna.

“Baba, cikin zane ɗari uku da muke da su, nawa ne na mata?”

Ya ƙirga da yatsu. “Huɗu.”

Ta ajiye masa wani tsohon hoto a kan bargon. Ajin Malam ne, mutum ashirin a jere gaban shagon ɗab'i, goma sha ɗaya daga ciki mata. Ta uku daga hagu ya san ta ko a mafarki.

“Na duba katunan abin da ya zo daga ajin nan,” in ji Dakta. “Maza tara, duk sunayensu na nan. Matan ko ɗaya babu. To ina aikinsu ya tafi? Ko zuwa suke yi su wanke wa maza burushi?”

Ta ce tana so a cire firam ɗin duk wani zane da ya sauko daga motar nan, ɗaya bayan ɗaya, bango bayan bango, ita da shi. Ta rubuta jerin da ranakunsu ta manna a ƙofarsa.

Na farko zanen wata tashar mota ne. Da ya zare firam ɗin, sai ga suna a can bakin ƙyallen, ƙanƙane, daidai inda bakin katakonsa ya kwanta a kai shekara da shekaru. Sunan mace ne. Dakta ta zauna a ƙasa dirshan tana dariya. Kwana uku bayan nan wani ya fito, sai wani. Wata tsohuwar nas da aka nemo, 'yar ajin ce, ita ta warware musu dalili. Malam ya hana ɗalibai rubuta suna babba, ya ce a rubuta ƙarami can ƙasa don kada ya ɓata aiki. Mazan suka ce to, suka rubuta nasu ƙato a inda suka ga dama. Matan ne suka ji magana.

Baba Firam ya koma gida ranar ya kasa cin abinci. Shekara talatin da huɗu yana ɗauke da haƙƙin mace ɗaya, ashe goma sha ɗaya ne. Firam mai faɗin baki da yake taƙama da shi, gadon ubansa, shi ya haɗiye sauran goman ba tare da ya ma sani ba.

Dakta ba ta ga laifinsa ba. “Haka ake yi a da, Baba,” in ji ta. “Ai firam ɗinka ne ma ya kare sunayen daga rana, dubi yadda suka fito fes.” Tana faɗa masa haka a gaban ma'aikata, tana cewa ba don hannunsa ba da aikin bai yiwu ba. Wannan yabo shi ya ƙarasa shi. Rufe suna da bakin firam kuskure ne da kowa zai gane. Naɗe zane kuwa da gangan ake yi, da zarto da guduma. Kuma a jerin da ke ƙofarsa an rubuta Mai Guga ranar Alhamis.

Ranar Talata da hantsi Dakta ta tafi taro a wani ofis can gefen gari. Baba ya hau babban zaure ta matattakalar gaba, ya ce wa mai gadi zai duba wani ƙwaro a katakon, ya sauke zanen ya gangara da shi. Dabararsa ƙarama ce. Zai warware naɗin, ya ɗaure ƙyallen a sabon katako daidai tsawonsa na asali, ya sa shi a wani firam mai faɗin baki. Ranar Alhamis a cire, sunan Yaya ya fito kamar na sauran, kowa ya yi murna, ba wanda zai san an taɓa naɗe komai.

Ya san tsohon fenti ba a lanƙwasa shi a bushe. Ya san sai an sa zane a akwatin laima, mai riƙe danshi, kwana da kwanaki ƙyallen ya yi laushi, sannan a buɗe shi a hankali, kaɗan yau kaɗan gobe. Shi da kansa ya koya wa Dakta yadda ake yi a gidan. Amma akwatin yana ofishinta, kuma kwanakin ba shi da su.

Ya kifa zanen a kan bargon, ya yaye takardar baya. Ga sunan nan, cikakke, jan fentin bai ko dushe ba, da 'yar lanƙwasar da take yi wa harafin ƙarshe tun tana rubuta masa suna a littattafan makaranta. Ya daɗe yana kallo. Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya sa manyan yatsunsa biyu a ƙarƙashin naɗin, ya ɗaga.

Ƙarar ba ta wuce ta taka busasshen ganye ba. Fentin da ke kan naɗin ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan, ya ɓare daga ƙyallen, ya zube a kan bargon gutsi-gutsi. Ya sunkuya zai tattara, numfashinsa ya watsa su cikin gashin bargon. Abin da ya rage a jikin ƙyallen ɗan jan ɗigo ne wanda ba za ka ce harafin wane ne ba.

A nan Dakta ta same shi da azahar, zaune a kan kujerarsa, hannuwa a cinya. Bai jira ta tambaya ba, ya faɗa mata komai tun daga firam ɗin da ya gaza har zuwa safiyar ranar. Ta saurara ba ta katse shi ba. Ta ɗauki madubin ƙara girma ta duba ƙyallen, ta duba bargon.

“Baba, ka ɗauki hotonsa kafin ka taɓa?”

Wayarsa tana aljihun rigarsa tun safe.

“Ban ɗauka ba.”

Ta rufe idonta na ɗan lokaci, sannan ta ce a naɗe bargon a hankali kada a kakkaɓe. Ta yi iya ƙoƙarinta, wannan kam ba mai musu. Ta kai gutsattsarin aka duba, ba su haɗu ba. Ta kai maganar gaban kwamiti. Iyalin Malam suka ce zanen da aka sani da sunan mahaifinsu a littattafai ba za a ƙwace shi da maganar mutum ɗaya ba, mutumin ma ƙanen mai iƙirarin ne, kuma shi ya lalata shaidar da hannunsa. Kwamiti ya nemi wani zane na matar a gwada da shi, babu. Tsohuwar nas ɗin ta ce ta tuna ana zana wata mai guga a ajin, amma ba za ta rantse a kan wa ya zana ba. Abin da Dakta ta iya samowa shi ne a cire sunan Malam a sa na Yaya, da sharaɗin a rubuta wasu kalmomi a gabansa.

Baba bai gaya wa Yaya wannan ba. Ranar Asabar yana gyara mata makullin taga wanda lafiyarsa lau, ya ce mata kawai sunanta zai hau bango, ta shirya. Ta ce, “Yau kuma?” Amma ta sa aka goge mata kaya.

Dakta ta shirya baje kolin aikin matan, aka buɗe shi da safe. Zane goma sha ɗaya a bango guda, kowanne da sabon kati. Da yawa daga cikin matan sun rasu, 'ya'yansu da jikokinsu ne suka cika zauren suna ɗaukar hoto kusa da sunayen iyayensu. Yaya ta shigo da sandarta, Baba na riƙe da gwiwar hannunta. Ta ƙi a kai ta kai tsaye, ta ce daga farko za ta fara. Tana karanta kati tana gane mutanenta. “Wannan ai ba ta iya zana hannu ba, shi ya sa duk mutanenta hannu a aljihu.” Ta matsa gaba. “Allah sarki, wannan ita ke ara mini shuɗi.” Tun rasuwar mijinta bai ji ta yi dariya haka ba.

Mai Guga shi ne na ƙarshe. Ta tsaya ta kalli mahaifiyarta tukuna, ta daɗe. Sannan ta gyara tabarau ta matsa ga katin, ta karanta a fili, a hankali, irin karatun da take yi wa 'yan aji ɗaya.

“Ana kyautata zaton aikin…” Ta tsaya. Ta juya ta dubi katunan sauran goman, babu mai wannan magana. “Zato, Auta?”

Ya ja ta zuwa bencin da ke tsakiyar zauren, wanda shi ya ƙera shi. Ya zauna kusa da ita ya faɗa mata, bai rage komai ba, har maganar wayar da ke aljihunsa. Ya ce kunya ce ta sa, ya ce tsoro ne, ya ce ta yafe masa. Mutane na ta wucewa ta gabansu suna gaishe shi, Baba sannu da aiki.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dafa kan sandarta da hannu biyu tana kallon bangon.

“Da ka bari yarinyar nan ta buɗe da kanta, da sunan ya fita?”

“Da ya fita, Yaya. Lafiyarsa lau. Na gan shi.”

“Wace rana ce aka sa za ta buɗe?”

“Alhamis.”

“Kai kuma ka buɗe yaushe?”

“Talata.”

Ta gyaɗa kai a hankali.

“Shekara talatin da huɗu ka iya jira, Auta,” in ji ta. “Kwana biyu ne ya gagare ka.”